18 ga Yuni: Ranar da Muka Riƙe da Ranakun da Suka Kuɓuce Mana

Gidajen rediyo da jaridun ƙasashen Turawa suna da wata al'ada da suka daɗe a kanta: kowace safiya sai a ɗauki kwanan watan da ake ciki, a jero abubuwan da suka faru a irin wannan rana a tarihin kiɗan pop da rok. A ɗauki 18 ga Yuni a gani. A wannan rana ta 1942 aka haifi Paul McCartney a Liverpool, ɗaya daga cikin samari huɗun ƙungiyar Beatles. A irinta ta 1967, wata Lahadi, aka rufe bikin kiɗa na kwana uku a Monterey ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda Ravi Shankar na Indiya ya yi wasa da rana, da dare kuma Jimi Hendrix ya durƙusa a kan dandamali ya cinna wa jitarsa wuta a gaban jama'a. A irinta ta 2011 Clarence Clemons, mai busa a ƙungiyar Bruce Springsteen, ya rasu. Duk waɗannan an san ranarsu, an san garinsu, wasu ma an san ƙarfe nawa. Mai son kiɗan rok a Landan ko Tokyo zai iya gaya maka wanda ya hau dandamali kafin Hendrix a wancan dare, domin an rubuta, an ɗauki hoto, an kuma yi fim ɗin bikin da ya fito a 1968.

Kuskure ne a ɗauka cewa wannan ƙwarewa ta fito daga kaifin ƙwaƙwalwar Bature. Daga takarda ta fito, takardar kuma ciniki ne ya haife ta. Kiɗan pop ya taso ne a hannun kamfanonin faifai, kuma kamfani ba ya sakin kaya sai da lamba da kwanan wata, saboda akwai kuɗin da za a raba da harajin da za a biya. Ɗakin ɗaukar murya yana da rajistar da ake rubuta wanda ya shigo da abin da ya rera. Jaridar New Musical Express ta fara buga jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila a Nuwamban 1952, mujallar Billboard ta Amurka kuma ta fara nata jerin waƙoƙi ɗari mai suna Hot 100 a Agustan 1958, kuma tun daga lokacin kowane mako yana da shaidarsa. Saboda haka mai shirin "a rana mai kamar ta yau" ba tunowa yake yi ba, buɗe rumbu yake yi ya ɗebo. Wanda ya ajiye shi ke ɗauka.

Mu ma muna da rabo a wannan rana, kuma rabonmu a ƙasar Daura yake kwance. Ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999 Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Kwana ashirin ke nan da mayar da mulki hannun farar hula. A lissafin Hijira kuwa farkon Rabi'ul Awwal ne na 1420, watan Mauludi, watan da Daura take hawan Sallar Gani. A lissafin manomi kuma goshin damina ne, lokacin da mutanen Ɓaure da Babban Mutum da Zango suke tsakanin shuka da jiran ruwa. Kalanda uku ke nan suka haɗu a kan rana ɗaya, kuma kowace shekara idan ta zagayo sai gidajen rediyo su sa waƙoƙinsa, masu shafukan Facebook su liƙa hotonsa, a yi masa addu'a. Wannan abu ne mai kyau. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin shekara saba'in da 'yan kai da ya yi a duniya, wadda ya shafe fiye da hamsin daga ciki yana waƙa, ranar da ya daina ita ce kusan kaɗai jama'a suka riƙe da tabbaci. Haihuwarsa a Musawa shekara kawai ake faɗa, 1923, babu wata babu rana.

Ba Shata kaɗai ba ne. Wanda ya zauna ya yi ƙoƙarin tsara kalandar kiɗan Hausa, rana bi rana, zai tarar da makabarta ya tsara. Ɗan Maraya Jos, 20 ga Yunin 2015. Barmani Choge, Maris na 2013 a Funtuwa. Musa Ɗanƙwairo, 1991. Haka jerin zai tafi, rasuwa bayan rasuwa, domin mutuwar shahararre ita ce lokacin da ɗan jarida yake tsayawa ya rubuta kwanan wata. Illar wannan ta wuce ƙarancin bayani. Tana sauya yadda muke kallon makaɗin kansa. Idan ba ka san wace waƙa ce ta riga wace ba, sai dukkan aikinsa ya dunƙule maka wuri guda kamar a dare ɗaya ya yi shi. Ba za ka ga saurayin da ya fara da waƙoƙin dandali ba, ba za ka ga lokacin da muryarsa ta nuna ba, ko lokacin da ya ƙara yawan kalangai da 'yan amshi, ko lokacin da ya koma daga yabon manoma da 'yan kasuwa zuwa yabon sojoji da manyan ma'aikata. Sai ya zama "baiwa ce kawai", kalmar da muke rufe bakin bincike da ita. Baiwa gaskiya ce, amma baiwar ta yi tafiya, ta yi koyo, ta canza hanya, kuma tafiya ba ta ganuwa sai da zango. Kwanan wata shi ne zangon.

A sake komawa 1967 a kwatanta. Daren da Hendrix ya ƙona jitarsa, Nijeriya tana bakin rami: an ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 27 ga Mayu, an ayyana Biyafara a 30 ga Mayu, kuma saura kwana goma sha takwas a fara harbi a 6 ga Yuli. A shekarun wannan yaƙi makaɗan Hausa, da Shata a cikinsu, sun yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja da kiran haɗin kan ƙasa, Rediyon Kaduna yana watsawa har ƙauyukan kan iyaka. Ta fuskar nauyin tarihi, waƙar da ta raka dubban samari zuwa fagen fama ba ta gaza wasan dandamali a Kalifoniya ba. Amma ɗaya tana da rana da sa'a da hoto, ɗayar kuwa sai dai a ce "lokacin yaƙin basasa", wato wani wuri a cikin wata talatin. Akwai misalin da ya fi wannan ciwo. A 1973 McCartney ya zo Legas ya ɗauki yawancin kundinsa Band on the Run a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin EMI, kuma marubuta tarihinsa sun bi wannan zama nasa dalla-dalla, har da sa-in-sar da ta shiga tsakaninsa da mawaƙi Fela. Kamfanin nan dai shi ne ya buga faya-fayan makaɗan Hausa da dama. Baƙon da ya yi makonni an san kwanakinsa, 'yan gida da suka yi shekaru ana sayar da muryarsu ba a kula da nasu ba.

Mai ja zai ce, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, cewa na auna tsaba da mudun da ba nata ba. Waƙar pop aba ce da ake gamawa a ɗaki a rufe, a sake ta rana ɗaya, ta zauna yadda take har abada. Waƙar baka ba haka take ba. Bakandamiyar Shata ba ta da ranar haihuwa, domin bai taɓa rera ta sau biyu iri ɗaya ba; gindin waƙar yana nan, amma ɗiyanta suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa da abin da ya same shi a tsakani. To wace rana za a rubuta? Na yarda da wannan bayani gaba ɗaya, amma ban yarda da inda aka kai shi ba. Abin da ya nuna shi ne cewa mu mun fi Bature bukatar kwanan wata. Waƙar da ba ta canzawa rana ɗaya ta ishe ta. Waƙar da take girma tare da mai ita kuwa, kowace rerawa da aka ɗauka tana da tata ranar, kuma sai an jera su ne za a ga yadda ta girma: wane ɗa ne ya shigo bayan tafiya Makka, wane suna ne ya fita bayan an ɓata da mai shi, wace gugar zana ce aka ƙara bayan wata rigima. Abin da za a sa wa kwanan wata shi ne zaman da aka yi, a gidan wane, a bikin wa, ko a ɗakin rediyo na ina. Zama kuwa, kowane iri ne, a rana ɗaya aka yi shi.

Wani kuma zai ce wannan duk kwaikwayon Turawa ne, kuma shirin "a rana mai kamar ta yau" ba ilimi ba ne, tarkace ne da ake cika lokacin rediyo da shi. A rabin maganarsa yana da gaskiya. Babu wata alaƙa ta hankali tsakanin haihuwar McCartney da rasuwar Shata illa cewa kalanda ta ajiye su a layi ɗaya, kuma mai jero irin waɗannan abubuwa yakan haɗa babba da ƙarami ba tare da ya bambance ba. Jerin kansa ba shi ne abin sha'awa ba. Rumbun da ke bayansa shi ne. Amma cewa ƙididdige rana baƙon abu ne a wurinmu, wannan ba haka ba ne. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da ajami tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u sun saba rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka lissafa haruffanta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Fadar Daura tana da Girgam, jerin sarakunanta. Kano tana da nata kundin da ya ƙidaya shekarun kowane sarki. Alƙalai suna rubuta ranar shari'a, fatake suna rubuta ranar bashi. Bahaushe ya san amfanin kwanan wata sarai, kuma yana sa shi a kan abin da ya ɗauka da daraja. Abin da ya faru shi ne, an sa wa waƙar malami rana, an hana wa waƙar makaɗi, saboda an ajiye makaɗi a sahun maroƙa, ana jin daɗinsa ana ba shi riga da doki da mota, amma ba a ga aikinsa ya kai a ɓata tawada a kansa ba. Giɓin da ke cikin kalandarmu hukunci ne da al'umma ta yanke a kan wata sana'a, kuma hukuncin bai yi daidai ba.

Sa'ar da aka yi ita ce waƙar baka ta Hausa tana ɗauke da shaidarta a cikinta, ga mai kunnen ji. Makaɗi yana ambaton mutum da sarautar da yake riƙe da ita a lokacin. Muhammadu Bashar ya riƙe sarautar Wamban Daura yana minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarauta a 1966, ya kuma zauna a kai har 2007. Don haka duk ɗaukar da ta kira shi Sarki ba ta riga 1966 ba. Waƙar da ta ƙirga kyauta da fam da sule ta fi kusa da kafin Janairun 1973, wadda ta ƙirga da naira kuwa bayan nan ce. Wadda ta yi maganar komawa tuƙi a hannun dama tana kewayen Afrilun 1972. Wadda ta ambaci Katsina a matsayin jiha ba ta riga Satumban 1987 ba. Inda aka kira Shata Dakta, an kai 1988, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Sunan mota, sunan gwamna, sunan ɗan amshin da aka ambata ko makaɗin da aka yi wa ta'aziyya a tsakiyar waƙa, duk turaku ne. Dole a yi hattara, domin makaɗi yakan ɗauko tsohon ɗa ya saka a sabuwar rerawa, kuma bakin mutane ya ci gaba da cewa fam shekaru bayan an daina kashe shi. Turke ɗaya ba ya isa. Amma idan uku ko huɗu suka haɗu, sai wata talatin ta tsuke ta koma wata uku, wani lokaci ma ta koma mako guda idan aka samu wanda ya halarci bikin.

A nan ne gari irin Babban Mutum yake shigowa, kuma shi ya sa nake ganin aikin ba na jami'a kaɗai ba ne. Garin yana ƙaramar hukumar Ɓaure, a masarautar Daura, dab da iyakar Nijar ta ɓangaren Magarya da Damagaram. Mutanen irin wannan wuri kunnuwansu biyu ne: ɗaya yana jin Kaduna da Kano da Katsina, ɗayan yana jin makaɗan hayin iyaka, irin su Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Kaset ya yi ta ƙetare wannan iyaka a aljihun direbobi da 'yan kasuwa ba tare da kowa ya tambaye shi takarda ba. Kuma yawancin abin da makaɗan Hausa suka rera ba a ɗakin kamfani aka ɗauke shi ba. A ƙofar gidan mai biki aka ɗauka, da rikodar wani mai sha'awa, a naɗin hakimi ko dagaci, a auren 'yar wani attajiri, a filin dambe bayan kaka, a hawan Sallah da na Gani. Irin waɗannan kaset suna cikin adaka da akwatunan ƙarfe a garuruwan karkara, kuma darajarsu ba a muryar kaɗai take ba. Mai kaset ɗin ya san bikin wa aka yi. Ya san shekarar, ko da da lissafinsa ne: shekarar da aka yi fari, shekarar da aka naɗa wane, damina biyu kafin a haifi wance. Irin wannan lissafi ana iya mayar da shi kwanan wata idan aka haɗa shi da takardar naɗi ko ranar haihuwar yaron. Amma sai mai lissafin yana da rai. Wanda yake da shekara ashirin a 1970 yau ya haura saba'in, kaset kuma zafi da ƙura suna cin sa a hankali.

Akwai masu ganin intanet ta riga ta raba gardama. Ga mawaƙan yau, da gaskiyarsu: waƙar Hamisu Breaker ko Ali Jita ko Dauda Kahutu Rarara tana hawa YouTube ko Audiomack da kwanan watanta manne da ita, kuma wanda zai rubuta tarihin yadda Jaruma ta mamaye gidaje a 2020, lokacin kullen korona, ba zai sha wahalar da mai nazarin Narambaɗa yake sha ba. Amma ga tsofaffin makaɗa intanet ƙara dagula ruwan take yi. Waƙar da aka ɗauka shekara hamsin da suka wuce sai ta bayyana da ranar da wani ya ɗora ta, a ƙarƙashin sunan da ya ga dama, wani lokaci da hoton wani makaɗin daban. Masu tura waƙoƙi a waya a kasuwanni suna kwafa daga memori zuwa memori, ana yanke farkon ɗaukar inda mai gabatarwa ko sanƙira yake faɗin wuri da dalilin taro, domin a je ga kiɗan da sauri. Wannan ɗan gutsuren da ake yarwa shi ne takardar haihuwar waƙar. Muryar tana yaɗuwa fiye da kowane zamani, asalinta kuma yana ɓacewa fiye da kowane zamani.

Ba a kan fako za a fara ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, tun makaɗin yana ganiyarsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai suke bi. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya ci gaba da bin diddigin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ayyuka sun nuna abin yana yiwuwa. Sai dai Shata ya samu wannan gata ne saboda girmansa, kuma ko shi bai samu duka ba. Makaɗin garaya ko na gurmi ko na kalangun mahauta da ya yi tashe a tsakanin Daura da Magarya, matan da suka yi kiɗan ƙwarya a cikin gidaje, mabusan fada da masu tambari waɗanda sunansu ba ya fita a faifai, su ko ranar rasuwar ba su samu ba. Wanda kuma yake ƙyamar kiɗa don dalilin addini, ba a nemi ya saurara ba. An nemi ya yarda cewa a cikin waɗannan muryoyi akwai sunayen kakanninsa, da farashin hatsi, da labarin yunwa da yaƙi da naɗin sarauta, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba.

Don haka kirana ga gidajen rediyon Katsina da Kano da Kaduna shi ne su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su kwafe abin da ke rubuce a jikin kowane tsohon faifai da tef kafin su mayar da shi na kwamfuta, su kuma riƙa faɗin shekarar ɗauka duk lokacin da suka sa waƙa. Masarautar Daura, wadda ƙasarta ta karɓi gawar Shata, ita ta fi dacewa ta fara rajistar makaɗan ƙasarta, gunduma bi gunduma. Kai kuma mai karatu, a Babban Mutum kake ko a wani gari, idan akwai tsohon kaset a gidanku, ka zauna da dattijon da ya ajiye shi tun yana iya ba da labari, ka tambaye shi bikin wa aka yi, a wane gari, wace shekara, wa ya yi kiɗan, ka rubuta amsar a takarda ka haɗa ta da kaset ɗin.